Littafi Mai Jan Zare

A wani ƙauye da ke tsakanin Daudawa da Faskari akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Sunanta ya kwance mini. Na tuna gidansu, na tuna ɗorawar da ke gonarsu, amma sunan ya ƙi zuwa. Ba komai. Mu riƙa ce mata yarinyar, labarin ba zai ragu ba.

Makarantar su yarinyar ba ta da ɗakin ajiye littattafai. Abin da take da shi akwati ne mai yawo. Akwatin ƙarfe ne babba, cike da littattafai masu hotuna. Wani malami, Malam Mas'udu, shi ke ɗauro shi a bayan babur daga Kankara. Akwatin yakan yi mako biyu a nan, sannan ya wuce Damari ta ƙasar Sabuwa. Daga can kuma sai wata makarantar.

Ran da akwatin ya iso Alhamis ce. Bazara ta kankama. Zafi ya yi yawa, mangwaro ya nuna, manoma suna ta sharar gona kafin ruwa ya sauka.

Malam Mas'udu ba ya miƙa wa yaro littafi haka kawai. Sai ya ɗaga shi sama, ya faɗi abin da ke ciki, ya faɗi wanda ya dace da shi. Kowane littafi akwai zare ɗaure a jikinsa. Mai koren zare na ƙanana ne. Mai jan zare na waɗanda suka iya karatu sosai ne.

Ya fara ɗaga wani mai koren zare, sunansa Agwagi Bakwai a Bakin Rafi. Ya ce wannan na ƙannensu ne, da shi za su koyi ƙirga. Ya ɗaga wani mai hotunan masara, tun tana ƙwaya har ta yi goyo. Ya ce wannan na masu bin iyayensu gona ne. Akwai kuma wani na taurari. Shi ma sunansa ya ɓace mini, amma bangonsa shuɗi ne.

Da ya zo kan Jakin da Ya Ƙi Hawa Gada, sai ya ce wannan na masu taurin kai ne, kuma ya ji labari akwai su a ajin nan. Kowa ya juya ya kalli wani yaro mai suna Mani. Mani ya ɗaga kai yana kallon kwanon rufi, kamar ba da shi ake ba. Har malamar ajin, Malama Amatullah, sai da ta yi dariya.

Daga ƙarshe ya ciro wani mai jan zare. Sunansa Ɗan Akuya Mai Farar Ƙafa.

"Wannan ya fi su daɗi," in ji shi. "Amma wanda ya zana shi ya iya kura. Duk wanda ya ɗauka, ga sharaɗi. Kada ya nuna wa ƙaramin yaro hoton tsakiya ya tsaya a nan. In ka fara, ka kai ƙarshe. In ba za ka kai ƙarshe ba, kada ka fara."

Yarinyar ce ta fara ɗaga hannu. Aka ba ta. Ta ce ta ji sharaɗin, kuma za ta kiyaye.

Tana da ƙanwa 'yar shekara huɗu, sunanta Barakatu. Duk inda yarinyar ta sa ƙafa, nan Barakatu ke sa tata. In ta je rijiya, tana biye. In ta je kai niƙa, tana biye. Ƙawayen yarinyar har sun sa mata suna Jela, wato wutsiya.

Ranar Juma'a yarinyar ta karanta littafin zuwa rabi. Ga wanke-wanke, ga ɗebo ruwa, ga Barakatu tana ta ja mata zane. Ba ta samu ta ƙarasa ba.

Ranar Asabar da safe, Babansu yana shan koko a tsakar gida, ya ce wa Innarsu sun gama tara sharar gona. Ya ce bayan la'asar, in iska ta kwanta, shi da ƙaninsa Kawu Jabiru za su sa wa tarin wuta. Gonar tana bayan gidan ne, danga kaɗai ta raba su. Yarinyar ta ji maganar, amma hankalinta ba ya wurin.

Hankalinta yana gidan su Hamida, ƙawarta. Sun shirya su haɗu bayan azahar a gindin mangwaro, kowa ta zo da littafin da ta aro, su yi musanya. Hamida ta ce mata ta zo, amma ta yanke jelarta ta bari a gida. Ta ce Barakatu da hannun mangwaro take taɓa littafi, sai ta jawo musu faɗan Malam.

Da aka yi azahar yarinyar ta ɗauki littafinta. Tana juyowa, sai ga Barakatu tsaye a bakin ƙofa. Har ta sa takalmanta, ɗaya a dama ɗaya a hagu, amma a juye.

Yarinyar ta lallashe ta, ta ƙi. Ta yi mata alkawarin mangwaro biyu, ta ƙi. Ta harare ta, ta ƙi.

Sai wata dabara ta zo mata. Ba dabarar kirki ba ce.

Ta ja Barakatu cikin ɗakin Inna, ta zaunar da ita, ta buɗe littafin daidai tsakiya.

Kura ce tsaye a ƙofar wani ɗaki. Ta cika shafin gaba ɗaya. Idanunta rawaya ne, bakinta a buɗe, miyau yana zuba. Duk inda ka koma, kamar kai take kallo.

Barakatu ta matso jikin yayarta. Ta tambaya a hankali ko mene ne wannan.

"Kura ce," in ji yarinyar. "Yau tana yawo a garin nan. Yaran da ke bin yayyensu take nema."

Barakatu ta kawar da kai. Ta sa ɗan yatsa ta juya shafin da kanta, don ta daina ganin idanun. A shafi na gaba akwai tarin kara a cikin gona. A cikin karan ga ɗan akuya ya lafe, ba a ganin komai sai idanunsa da farar ƙafarsa. Ta tambaya me yake yi a ciki.

"Ɓuya yake. Nan kaɗai kura ba ta gani."

Yarinyar ta rufe littafin da sauri. Ta ce wa Barakatu ta zauna a bayan gado, kada ta yi motsi. Har ta kai bakin ƙofa, sai ta tuna wani abu da Goggo, yayar Babansu, takan faɗa a tatsuniya. Ta ga zai ƙara wa maganar ƙarfi.

"Kuma ko wa ya kira ki, kada ki amsa. Kura ta iya muryar kowa. Ta iya ta Inna, ta iya ta Baba."

"Yaya, har taki?"

"Har tawa."

Ta fita. Inna tana madafa, ta ji fitarta, ta ce a dawo lafiya. A zatonta su biyu ne suka fita kamar kullum.

A gindin mangwaro an sha daɗi. Hamida ta tambaye ta yadda ta yi da jelarta, yarinyar ta ce ai ta san maganinta. Suka yi dariya. Suka sha mangwaro, suka wanke hannu, suka buɗe littattafai.

A nan yarinyar ta ƙarasa labarin ɗan akuya. Ashe ƙarshensa abin dariya ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sau ɗaya Barakatu ta faɗo mata a rai. Ta ce a zuciyarta, ai yanzu ta yi barci a bayan gado.

Da aka kira la'asar suka watse. Yarinyar ta tsinci mangwaro biyu masu kyau ta nufi gida.

Inna tana alwala a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ta, ta dubi bayanta.

"Ina Barakatu?"

Yarinyar ta ce tana ɗaki. Inna ta ce wane ɗaki, ita da ta shiga sau biyu ba ta ga kowa ba. Yarinyar ta ruga ta leƙa bayan gado. Babu kowa. Ta leƙa ƙarƙashin gado. Babu kowa.

Mangwaron suka faɗi daga hannunta.

Inna ta ajiye buta. Ta shiga ɗakin Goggo, ta shiga zaure, ta leƙa bayan rumbu. Tana tafe tana kiran sunan Barakatu. Ba amsa.

Goggo ta yunƙura. Ta tashi da sandarta ta nufi rijiya. Ta daɗe tana leƙawa. Yarinyar tana tsaye tana kallon bayanta. Can Goggo ta miƙe ta girgiza kai, ta ce alhamdu lillahi, ruwan a kwance yake.

Aka shiga maƙwabta. Gida ɗaya, gida biyu, gida biyar. Ba wanda ya gan ta. Mata suka fara taruwa a tsakar gidan.

Kun san zamanin da muke ciki. A ƙasarmu yanzu, in aka ce ba a ga yaro ba, ba mai cewa a bari zai dawo da kansa. Wata maƙwabciya ta ce da rana ta ji ƙarar babura ta wajen hanyar daji. Goggo ta ce mata ta faɗi alheri ko ta yi shiru. Amma maganar ta riga ta fita. Inna ta zauna a kan turmi.

Ta kira yarinyar ta tambaye ta yadda suka rabu. Yarinyar ta ce ta bar ta a ɗaki ne kawai. Ba ta faɗi maganar kura ba. Tana tsoron duka, tana tsoron idon mutane. Littafin yana hammatarta, ta matse shi kamar zai yi magana.

Inna ta ce a je a faɗa wa Baba. Wata ta ce ai daga masallaci ya zarce gona, shi da Kawu Jabiru.

Yarinyar ta juya wajen gonar. Sai ta ga hayaƙi. Fari ne, siriri, yana tashi sama daga can ƙarshen gona.

A gindin dangar akwai wata 'yar kafa da kaji ke bi. A bakin kafar ga takalmi ɗaya a yashe, ɗan ƙarami.

Nan take komai ya dawo mata. A hoton, kura a ƙofar ɗaki take tsaye. To yaya Barakatu za ta zauna a ɗaki? Kuma ita da bakinta ta faɗa mata wurin da kura ba ta gani.

Wannan tsoron ya fi na dukan girma. Ya fi shi nesa ba kusa ba.

"Inna," in ji ta. "Tana cikin tarin kara. Ni na tsorata ta da kura. A hana Baba sa wuta."

Inna ba ta tsaya tambaya ba. Ta yi kan dangar, ta ture ta da ƙirji, ta faɗa gona. Yarinyar ta bi ta da gudu. Mata suka biyo baya.

Gonar babba ce. Tarin shara ya fi talatin, an jera su nan da can. Wasu ƙaya ce da tushiya, wasu tsohon kara ne mai tsayi. A can ƙarshe uku suna ci da wuta. Baba yana tafe zuwa na huɗu, da bakin wuta a hannunsa.

Inna tana gudu tana ɗaga hannu. Baba ya tsaya. Da ya ji abin da ta ce, sai ya tura bakin wutar cikin ƙasa, ya taka shi da ƙafa. Ya juya ya dubi tarin nan uku da ke ci. Kowa ya dube su.

Kawu Jabiru ne ya ce waɗannan ƙaya ce zalla, shi ya tara su da hannunsa, ko kyanwa ba za ta shiga ba. Baba ya gyaɗa kai, amma fuskarsa ba ta saki ba.

Sai ga wata matsala. Iskar da ta kwanta ta fara motsi. Tartsatsi ya soma tashi, yana sauka a kan busasshiyar ciyawa. Kawu Jabiru da mazan da suka iso suka karyo rassan ganye suna bugun wutar. Wasu suna watsa ƙasa.

Baba ya fara bin tarin yana kiran Barakatu. Inna tana kira. Goggo tana kira. Gonar ta cika da sunanta. Ba amsa.

Yarinyar ta je ta tsaya gaban Babanta. Saura magana ɗaya ba ta faɗa ba, kuma ita ce mafi nauyi.

"Baba, ba za ta amsa ba."

"Don mi?"

"Na ce mata kura ta iya muryar kowa. Har taka. Har tawa."

Baba ya dube ta. Ta runtse ido tana jiran mari. Marin bai zo ba.

"Ke kika ɗaura," in ji shi. "Sai ki san yadda za ki kwance."

Ya juya ya ce wa mutane su fara warware tarin da hannu, a hankali, kada a zura sanda. Ya ce a lura da kunama da maciji, don a irin wannan zafi cikin kara suke fakewa. Da Inna ta ji an ambaci maciji sai ta dafa kai.

Warware tari ɗaya yana cin lokaci. Ga su fiye da talatin. Ga iska tana ƙaruwa, hayaƙi ya fara kwantowa a kan gonar.

Yarinyar ta dubi hannunta. Littafin yana nan, ashe da shi ta yi ta gudu. Ta tuna maganar Malam Mas'udu. Ta fara, ba ta kai ƙarshe ba.

Ta shiga tsakiyar gonar. Ta buɗe daidai inda ta rufe wa Barakatu. Ta fara karatu da ƙarfi, tana tafiya daga wannan tari zuwa wancan.

"Ɗan akuya ya yi shiru a cikin kara. Kura tana ta shinshina. Sai ga uwarsa ta dawo daga kiwo. Tare take da babban karen gidan."

Hayaƙi ya shaƙe ta, ta yi tari. Hawaye yana zuba a kan shafin. Wata mata ta ce wannan wane irin karatu ne a wannan lokaci. Goggo ta ɗaga mata sanda, ta ce kowa ya yi shiru. Aka yi shiru. Ba a jin komai sai ƙarar wuta da muryar yarinyar.

"Kare ya yi haushi. Uwar akuya ta sunkuyar da ƙaho. Kura ta juya da gudu. Garin gudu ta faɗa cikin taɓo. Ta fito duk laka, har cikin kunne."

Ta kai wajen ɗorawa. Tsakanin nan da inda wuta ke ci, tari biyu ne kawai.

"Kaji suka yi mata dariya. Agwagi suka yi mata dariya. Ta nufi daji, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Ba ta sake dawowa garin ba har abada. Uwar akuya ta ce, fito ɗana, kura ta tafi."

Ta kai ƙarshe. Ta tsaya. Babu wani shafi kuma.

Shiru.

Can sai ga wata 'yar murya daga tarin karan da ke gindin ɗorawa.

"Yaya, nuna mini."

Baba ya zabura zai ruga. Goggo ta riƙe masa riga. Yarinyar ta durƙusa a gaban tarin. A ƙasa akwai wata 'yar kafa. Ta buɗe shafin ƙarshe, inda kura ke gudu duk laka, ta tura littafin ciki a hankali.

Aka ɗan jima. Sai kara ya motsa. Kai ya fara fitowa, duk ƙura da ganye. Sannan kafaɗa. Sannan Barakatu gaba ɗaya, da takalmi ɗaya a ƙafa, ta rungume littafin.

Inna ta sure ta. Ta duba hannuwanta, ta duba ƙafafunta, ta duba bayanta. Cinnaku sun cije ta a wurare da yawa. Leɓenta ya bushe da ƙishi. Amma ba kunama, ba maciji, ba ƙuna. Mata suka yi ta hamdala. Baba ya juya baya ya share fuska da hularsa.

A gida, bayan Barakatu ta sha ruwa moɗa biyu, Goggo ta tambaye ta don me ta ƙi amsa kowa amma ta amsa wa yayarta. Barakatu ta ce ai kura ba ta iya karatu ba. Goggo ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Ita ce dariyar farko da aka yi a gidan tun la'asar.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Barakatu ta yi zazzaɓi kwana biyu. Ko kare ta ji ya yi haushi sai ta firgita. Yarinyar ce ta zauna a kanta, tana jiƙa tsumma tana sa mata a goshi, tana shafa mata man kaɗanya a wurin cizon.

Baba bai doke ta ba. Ya kira ta zaure, ya ce ta faɗi abin da ta yi tun daga farko, kada ta tsallake komai. Ta faɗa tana kuka. Ya ce laifinta biyu ne, kuma na biyun ya fi ba shi tsoro.

"Da kika dawo kika tarar ba ta nan, kin san abin da kika faɗa mata, kika yi shiru. Ɗiyata, da hayaƙin nan bai nuna miki ba, har yaushe za ki yi shiru?"

Ta ce ta tuba. Ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ya kuma ce ran da za a ƙarasa ƙona sharar, ita za ta riƙa shiga gaba tana duba kowane tari kafin a sa wuta. Haka aka yi. Ta wuni a rana, ƙaya ta soke ta, ba ta yi ƙorafi ba.

Saura Malam Mas'udu. Littafin ya yi ƙura, gefensa ya lanƙwashe, shafi biyu sun yi tabon hawaye. Ran da ya zo ɗaukar akwati, yarinyar ta tashi a gaban aji ta miƙa masa. Ta faɗi duk abin da ya faru. Hamida ta sunkuyar da kai, don ta tuna ita ta ce a yanke jela.

Malam Mas'udu ya juya littafin yana dubawa. Ya ce ƙura ana kaɗewa, takarda ana miƙewa, wannan ba komai ba ne. Ya ce amma ta karya sharaɗi, don haka a zuwa na gaba ba za ta ari mai jan zare ba.

Sai ya yi magana da Malama Amatullah a hankali. Ya buɗe akwatin, ya ciro littattafai uku masu koren zare, ya ce waɗannan za su zauna har ya dawo. Ya ce duk ranar Alhamis, lokacin hutun tara, yarinyar za ta karanta wa 'yan aji ɗaya guda. Ya tambayi yarinyar ko ta san sharaɗin.

Ta ce ta sani. Ya ce ya yarda, a yanzu ba wanda ya fi ta sani a ajin nan.

Tun daga ranar, duk Alhamis za ka ga ƙananan yara sun kewaye ta a inuwa. Tana karantawa, tana juya musu littafin su ga hoto. In an zo wuri mai ban tsoro, sai ta ce su matso kusa, su jira su ga abin da zai faru. Ba ta taɓa tashi ba sai ta kai shafin ƙarshe. A gida kuma Barakatu ta warke sarai. Ta koma bin yayarta ko'ina, yayar kuma ta daina korarta. Har gindin mangwaro take zuwa da ita, sai dai ta wanke mata hannu tukuna.

To yara, ga abin da za ku riƙe. Kada ku tsorata ƙannenku don ku huta da su. Abin da kuka faɗa da wasa, su da gaske suke ɗaukarsa. In babba ya ba ku littafi ya ce ga yadda za ku yi da shi, ku bi maganarsa, ya san abin da ke ciki. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Faɗan da za a yi muku ƙarami ne a kan abin da shirunku zai iya jawowa.